Tayin da Aka Daskarar Ba Ya Tsufa: Gaskiya da Ƙarya Kan Dashen Ciki

Babban Asibitin Jahun ya yi suna wajen karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara aiki a cikinsa a 2008. Amma matar da ta shekara goma a ɗakin miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, maganinta yana nesa. In da hali, a sayar da shanu ko gonar fadama a nufi Abuja neman dashen ciki, wato IVF. Zancen da ake yaɗawa a kai a gidajen suna kuwa, da yawansa ba shi da tushe.

Ana cewa tayin da aka ajiye a sanyi lalacewa yake, ko ya zo da nakasa. Ƙarya ne. Cikin ruwan naitirojin ake ajiye shi, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, inda girmansa ke tsayawa cak. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya a Ostireliya a 1984, a 2022 kuma aka haifi tagwaye a Amurka daga tayin da aka daskarar tun 1992.

Maganar da ta fi damuna ita ce, "Shekaru sun ja, a yi maza a dasa." Rabinta gaskiya ce, shi ya sa take cutarwa. Shekarun da ke bin tayi su ne na ranar da aka ciro ƙwai. Matar da aka ciro ƙwanta tana da shekara 33, ta dawo dashe tana 38, tayin 'yar 33 za a saka mata. Ingancin ƙwai yana raguwa sosai bayan shekara 35, don haka wajen ciro ƙwai ake gaggawa. Jiran 'yan watanni don a shirya mahaifa ba ya rage wa tayi komai. Sai dai jikin uwa bai daskare ba. Hawan jini, jijjiga da ciwon sugan masu ciki suna ƙaruwa da shekaru, saboda haka jinkirin shekara da shekaru yana da nasa haɗari.

Sai endometiriyosis, cutar da nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajenta, a gidan ƙwai ko jikin hanji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mace ɗaya cikin goma da ke shekarun haihuwa. Yarinya tana murƙususu duk wata, riƙe da mara, ba ta iya ko daka, iyaye mata su ce, "Yi haƙuri, 'yar nan, kina haihuwa zai tafi." Ciki yana iya lafar da ciwon na wani lokaci, amma ba ya warkar da shi, kuma cutar kanta na iya hana cikin da ake jira.

Shin dole ne a yi wa mai wannan cuta tiyata kafin dashe? A'a. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai na 2022 ba su goyi bayan tiyata ga kowace mace don ƙara samun ciki ba, domin yanke ƙullutun da cutar ke haifarwa a gidan ƙwai yana iya rage ƙwan da ya saura. Ana yin ta ne idan ciwo ya tsananta ko ƙullutun ya tare hanyar ciro ƙwai. Allurar dakatar da al'ada na watanni kafin dashe ma, ba a tabbatar da amfaninta ga kowa ba.

Masu cewa dashen ciki haramun ne gaba ɗaya su ma sun kuskure. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta duniya, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta shi idan ƙwan na mata ne, maniyyin na mijinta, aka kuma mayar cikin mahaifarta. Jamhurin malaman Sunna sun ƙara da cewa sai igiyar aure na nan: in miji ya rasu ko auren ya mutu, ba a dasa tayin da ya saura. Ma'aurata su nemi a karanta musu abin da takardar asibiti ta tanada kan wannan kafin su sa hannu.