Tsofaffin Sojan Amurka: Likitan Kusa Ko Asibitin Nesa?

A ƙasar Amurka akwai ma'aikata guda wadda aikinta shi ne lura da tsofaffin soja, watau waɗanda suka ajiye kaki. Ana kiranta VA a taƙaice. Tana da manyan asibitoci wajen 170 da ƙananan ɗakunan shan magani fiye da 1,000, kuma mutum sama da miliyan 9 ne suka yi rajista da ita. Amma ƙasar tana da faɗi ƙwarai, ga shi kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsofaffin sojan a ƙauyuka suke zaune, nesa da waɗannan asibitoci.

A cikin shekarar 1865 ne Shugaba Abraham Lincoln ya yi alkawarin cewa ƙasa za ta ɗauki nauyin wanda ya yi mata yaƙi, da matarsa da marayunsa in ya mutu. To, a 2014 sai asiri ya tonu a asibitin VA na birnin Phoenix, inda aka tarar ana ɓoye sunayen marasa lafiyan da suka daɗe suna jiran ganin likita, har waɗansunsu suka rasu. Abin ya kai ga murabus ɗin shugaban ma'aikatar, Janar Eric Shinseki.

Cikin watan Agusta na wannan shekara Shugaba Obama ya sa hannu a kan dokar da ta ba tsohon soja izinin ganin likitan garinsu gwamnati ta biya, muddin gidansa ya fi mil 40 daga asibitin VA, ko kuwa jiransa zai wuce kwana 30. An ware dala miliyan dubu 10 domin wannan aiki. Sai dai shirin ya gamu da tangarɗa, gama likitoci da yawa sun yi ta kukan jinkirin biyansu.

Saboda haka a 2018 Shugaba Trump ya sa hannu a kan sabuwar doka mai suna MISSION, wadda ta fara aiki ran 6 ga Yuni, 2019. Yanzu ba da mil ake awo ba, da lokaci ne. Idan tafiya a mota za ta wuce minti 30 domin ganin likitan yau da kullum ko na taɓin hankali, ko minti 60 domin ganin ƙwararre, mutum ya cancanci zuwa asibitin kusa da shi. Haka nan idan jira zai wuce kwana 20, ko kwana 28 wajen ƙwararre. Amma tilas VA ta amince tukuna, in ba larurar gaggawa ce ba. Tun Janairun 2023 kuma, tsohon sojan da ya ji yana neman hallaka kansa yana iya shiga kowane asibitin gaggawa kyauta.

Babu shakka wannan sauƙi ne ga dattijon da da yakan kwana a hanya domin gwajin jini. Amma fa kusanci dabam, sanin ciwo dabam. Wanda ya shaƙi gubar da aka fesa a dazuzzukan Biyetnam, ko hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi, ko wanda firgicin yaƙi ya hana shi barci, yana bukatar likitan da ya san waɗannan cututtuka. Binciken cibiyar RAND na 2014 ya nuna kashi 13 cikin 100 kaɗai na masu maganin taɓin hankali na farar hula da aka tambaya ne suka cika sharuɗɗan duba soja yadda ya kamata.

Ga kuma batun kuɗi. A 2023 abin da aka kashe wajen biyan likitocin waje ya kusa dala miliyan dubu 30. Masu suka na cewa duk dalar da ta fita, asibitocin VA ne suka rasa ta. Magoya baya kuwa na cewa mai ciwo shi ya san inda ke yi masa zafi.

Gaskiyar magana ita ce, rage wa tsohon soja tafiya rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a tabbata likitan da ya tarar yana da takardun tarihin ciwonsa a hannu, kuma ya san tambayar da zai fara yi masa: a wane fagen fama ka yi aiki?