Bayanin Zuriyar Motar Fijo, Daga 403 Zuwa 508

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne gardamar da ake ta yi a rumfuna a kan motar Peugeot, wadda mu muke ce wa Fijo. Wannan ya ce tun da aka yi 504 ba a sake yin mota ba, wancan ya ce ai tsohon yayi ce, 406 ta shafe ta. Gardamar kuwa ba ta banza ba ce, don mutum yakan tara ribar kaka biyu ko uku ya zuba a mota guda, in ya yi kuskuren zaɓi har uwar kuɗi sai ta tafi. To ga abin da muka sani game da zuriyar, ɗaya bayan ɗaya.

Da fari dai, masu wannan mota kusan 'yan sana'armu ne. Gidan niƙan hatsi ke gare su a gabashin ƙasar Faransa, sai a 1810 waɗansu 'yan'uwa biyu na gidan suka mai da wurin maƙera. Suka shiga yin zarto, daga baya injin niƙa gahawa, sa'an nan keke, kana mota wajen 1890. Zakin nan da kuke gani a goshin motar, asalinsa tambarin zarto ne, watau haƙoransa kamar na zaki. Lambar kuma tana da ma'ana. Tun daga 1929, da suka fito da 201, suke sa sifiri a tsakiya. Lambar farko tana nuna girman mota, ta ƙarshe kuma a da tana nuna zubi na nawa ne. Saboda haka 404 da 504 ba uwa da 'ya ba ne kai tsaye, ita 504 ta ɗara girma da mataki guda, amma aikin da suka yi wa iyali iri ɗaya ne.

Ita 403 ta fito a 1955, kuma ita ce Fijo ta farko da aka ƙera fiye da miliyan ɗaya. Mu ba mu riske ta da ƙarfinta ba, sai a bakin iyaye, da kuma gangar jikinta a bayan gareji. A 1960 aka yi 404, mai tsinin fitilun baya da giya a jikin sitiyari, injinta 1,618 cc, an ɗan kishingiɗar da shi gefe guda. Ita ce ta fara yi wa gidan suna a Afirka, don sau huɗu tana cin tseren Safari na Afirka ta Gabas, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin laka da ƙura irin namu. Waɗanda suka zo Nijeriya da wuri sitiyarinsu a dama yake, don sai ran 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi a hannun dama. A-kori-kurarta kuwa duk wanda ya ci kasuwar ƙauye ya san ta. Faransa ta bar yin salun ɗinta a 1975, amma Kenya ta ci gaba da harhaɗa 404 har 1991.

Sai uwar gayya, 504. A ƙarshen 1968 aka nuna ta a Faris, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Injinta na farko 1,796 cc ne, daga 1970 aka ƙara shi zuwa 1,971 cc, watau lita biyu. Abin da ya kamata ku lura da shi ba ƙarfin injin ba ne, ƙirar ƙasanta ce. Tana da tsayi daga ƙasa, ƙafafunta kuma suna da nisan lilo, in ta faɗa rami sai taya ta sauka ta hau, jiki bai ji ba. Farfelar da ke kai ƙarfi baya tana cikin bututun ƙarfe a rufe, yashi da dutse ba su taɓa ta. Wagon ɗinta, wadda ta biyo baya da shekara biyu zuwa uku, an sa mata sifirin huɗu a baya domin kaya, mai layi uku kuma mutum bakwai aka yi ta dominsu. Abin da 'yan kamasho suka riƙa cusa mata ya fi haka, wannan kuma kowa ya sani. A-kori-kurarta ta zo wajen 1979, an yi ta domin abin da bai wuce tan guda da 'yan kai ba, watau buhu goma ko sha ɗaya na masara. Mun sha ganin an ɗora mata ninkin wannan, ga mutane a bisa, ta kuwa kai.

Dalilin da ya sa ta zama tamu shi ne Kaduna. A 1975, zamanin Janar Gowon, aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri. Shekarar ce kuma tashar jiragen ruwa ta Ikko ta cushe da jiragen siminti, har ya zama kayan motar ta sama ake kawo su, daga birnin Liyon zuwa filin jirgin Kano, sa'an nan a ɗauke su zuwa Kaduna. Ga kuɗin man fetur ya shigo, ga Udoji ya faɗa hannun ma'aikata. Daga 1976 kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ce a rage facaka, manyan gwamnati su shiga Fijo. Da gwamna da ɗan sanda da likita da mai tasi suka zama mota ɗaya suke hawa, sai kayan gyaranta suka cika ko'ina. Wannan shi ne asirin, ba wani abu ba. Mu muna yara a lokacin, amma mun girma mun tarar ko a ƙauyen da ba asibiti akwai mai iya kwance kafiretar 504 ya wanke ya mayar. Kofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, a lokacin ba abin da za ka nema nata ka rasa, sabo ko na hannu. Turai ta bar yin salun ɗinta a 1983, amma Kenya ta kai 2004, Kaduna kuwa har wajen 2005 tana fitar da ita. Ku duba, motar da aka zana a 1968.

A 1979 aka yi 505, ta fi faɗi, ta fi kyan zama, manya sun so ta, Kaduna ma ta harhaɗa ta. Sai dai ba ta kori yayarta daga tasha ba. Abin da za a riƙe game da ita shi ne, ita ce salun ta ƙarshe a gidan mai ja da ƙafar baya.

Nan ne zuriyar ta rabu biyu, kuma nan ne dillali ya kamata ya buɗe kunne. Daga 405, wadda ta fito a 1987 ta ci motar shekara a 1988, sai aka kwantar da injin a gicciye, ƙafar gaba ke ja. Ga mutumin Turai wannan ci gaba ne, mota ta yi sauƙi, ta rage shan mai, ciki ya ƙara fili. Amma ku auna da aikinmu. In ka loda wa mai jan baya buhuna, nauyin yana danne tayoyin da ke ja ne, sai ta ƙara kama ƙasa. In ka loda wa mai jan gaba, gindi ya zauna, goshi ya ɗaga, tayoyin da ke ja su rasa nauyi, ka shiga yashi ko taɓo sai su yi ta juyi a wuri ɗaya. Ga kuma robar da ke rufe mahaɗar shaf ɗin gaba, in ƙaya ko dutse ya yaga ta, ƙasa ta shiga, sai ka fara jin ƙas-ƙas in ka karya kwana. Na biyu, injin 504 sarƙa ce ke haɗa sama da ƙasa, tana tsufa tana ƙara, tana yi maka gargaɗi. Na 405 da 406 bel ne, ba ya sallama, in ya tsinke ana tafe yakan lanƙwasa bawul, gyara ya zama na kwance kan inji.

Ba mu ce sababbin ba su da kirki ba. Ita 406, daga 1995 zuwa 2004 a Turai, a kan kwalta ba ta da ta biyu a gidan: ga laushi, ga sanyi, ga riƙe hanya, ga jakar iska da burki mai hana taya kullewa. Kaduna ma ta yi ta, ta zama motar gwamnati bayan 504. Kuma gaskiya ɗaya ce, tsohuwar wagon ta ci rayuka da yawa a hanyar Kano zuwa Kaduna da sauransu, saboda lodi da gudun direbobi, ba kuwa abin da zai tare mutum in an yi karo. Mai ma tana sha, wanda tun da aka janye tallafin fetur a 2023 ba ƙaramin abu ba ne. Amma 406 ta zo da nata sharaɗi. Babu kafireta, kwamfuta ce ke auna mai, na ƙarshe-ƙarshenta kuma wayoyinsu duk a akwati guda suke taruwa. Mai gyaran da ya saba yanke waya ya ƙulla, in ya taɓa ta sai ya ɓata abin da bai lalace ba. Dole sai mai na'urar dubawa, shi kuwa a birni yake.

Sa'ad da ake wannan canji, kasuwarmu ma ta canza. Daga 1986 darajar naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai 'yan Kwatano suka cika gari, Toyota da Honda suka karɓe wurin. Gwamnati ta sayar da hannun jarinta na masana'antar Kaduna a 2006. Ita 407 ta 2004 doguwar haɓa gare ta, kusa da ƙasa, ko tudun rage gudu na cikin gari sai an lallaba ta. Wajen 2011 aka haɗe gidan 4 da na 6 aka yi 508, aka sake mata zubi a 2018. Mota ce ta ofis, ba mu taɓa ganin an ɗaura mata buhu ba.

To, mai niyyar saye, ga inda za ka duba. Fara da hanyar da kake bi. In cin kasuwannin ƙauye kake yi, burji da yashi da ƙetare rafi da damina, tsohuwar 504 mai lafiya har yanzu tana da aiki, sai dai mafi ƙuruciyarsu ta ba shekara ashirin baya ko ta kusa. Ɗaga shimfiɗar ƙafa ka ga ko tsatsa ta cinye ƙasan, leƙa inda shokozoba ke ɗaure, duba ko an taɓa yi wa gindinta walda saboda lodi. Buɗe lagireto da sanyin safiya, in ka ga mai yana yawo a kan ruwa, gasket ya tafi, a rage kuɗi ko a fasa. In kuwa tsakanin gari da gari kake, da iyali, 406 ta fi. Tambayi yaushe aka canza bel, in mai ita ya yi inda-inda ka sa kuɗin sabo a lissafinka tun kafin a yi sallama. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilun gargaɗi duk sun kama sa'an nan su mutu bayan inji ya tashi, don akwai masu cire ƙwan fitilar su ɓoye ciwo. Mu kanmu an taɓa yi mana haka, sai da muka yi nisa da gari motar ta faɗi gaskiya. Kada ka biya sai mai na'ura ya duba ta a gabanka, kuma ka gwada lambar jikin mota da ta takardar kwastan harafi da harafi. Ku kuma dillalai, ku tambayi mai saye garin da zai riƙa kai ta gyara kafin ku nuna masa mota.