Yadda fiffiken motar Yaya ya ci mini rabin albashi

Motar ba tawa ba ce. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kafin wani a Zebilla ya ce an ƙara wa malaman makaranta albashi. Ni babur gare ni. Motar ta yayana ce da ke aiki a Bronx, can Amurka: Toyota Celica ja, mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar kunkuru. Ya turo ta ta tashar jirgin ruwa ta Tema, ya hau ta lokacin bikin ƙanwarmu, da zai koma ya miƙa mini makulli ya ce, "Amana ce. Ka riƙa tada ta duk mako, kar batir ya mutu."

Makon jarrabawa ya zo, na manta da ita, batir ya mutu. Da yake mai giyar hannu ce, sai na kira samari huɗu na unguwa su tura mini. Ban gaya musu inda za su dafa ba. Su kuwa suka ga abu a baya kamar an yi shi don kamawa, suka ɗora masa hannu takwas. Motar ta tashi, amma kafin ta tashi na ji ƙas! Fiffiken baya, wanda masu gyara ke kira sifoila, ya tsage daga ƙafarsa ta hagu har kusan tsakiya.

Mutane da yawa na ɗaukar abin nan kwalliya ce kawai. A hanyoyinmu, gaskiyarsu. Aikinsa na asali shi ne karya iskar da ke bi ta saman mota, don kada bayan motar ya yi sakayau idan ana gudu mai tsanani. To wane gudu za ka yi tsakanin Zebilla da Bolga, kana kauce wa rami kana kauce wa jaki? Da farko na ce a bar shi haka, wa zai lura.

Wani fita da ke kusa da tasha ne ya sauya mini tunani. Ya ɗaga murfin but, ya cire shafin da ke ciki, ya nuna mini notunan da suka riƙe fiffiken. Ya ce, "Malam, tsagar nan ba ita ce damuwata ba. Dubi nan." Ƙafar da ta karye ta saki, robar da ke toshe ramin noti ta goce. Muna cikin watan Afrilu, damina na bakin ƙofa. Ruwan farko zai bi ramin nan ya kwanta cikin murfin, tsatsa ta fara ci daga inda ido ba ya gani. Ban da haka, abin da ya tsage yana girgiza a kan gargada, wata rana ya fizge ya faɗa wa mai babur da ke biye da kai. Wannan ta ƙarshe ita ta hana ni barci, don yawancin masu bin hanyar nan a kan babur suke, wasu da goyo.

Muka gwada ɗinki. Aka narka robar da ƙarfe mai zafi, aka liƙa faiba ta ƙasa, aka goge. Ya yi kyau kwana tara. Zafin bazara a nan yana kai digiri 40, robar kuma ta shekara da shekaru tana shan rana har ta bushe, ga shi gam ɗin faiba ba ya kama irin wannan roba da kyau. Tsagar ta dawo daidai inda take.

Sai neman wani. Nan na gane abin da ake nufi da zama a ƙarshen ƙasa. Kamfanin Toyota ya daina ƙera Celica tun 2006, don haka sabo ba zance ba ne, sai na jikin wadda aka farke. A da, da Bawku zan fara leƙawa, amma da halin da garin ke ciki a shekarun nan, ba wanda zai ɗauki hanya saboda roba. A Bolga aka yi ta nuna mini na Corolla. Ya rage Abossey Okai a Accra, sama da kilomita 800 daga nan, ko Suame Magazine a Kumasi.

Na farkon da na saya, laifina ne. Na tura hoto ɗaya ta WhatsApp, na ce "na Celica", na biya ta MoMo. Ban faɗi shekarar motar ba, ban auna komai ba. Mai kayan ya aiko abin da na roƙa: na Celica ne, amma na tsohon samfuri, na kafin 1999. Ramukansa da na motar ko gaisawa ba su yi. Ni da nake koya wa yara awo da rula a aji, ban ɗauki tef na auna tsakanin noti da noti ba. Malaman da suka koyar da ni a kwalejin Gbewaa ta Pusiga, Allah ya sa ba sa karanta shafin nan.

Wanda ya fitar da ni tsohon ɗalibina ne, yaron da ya bar makaranta bayan JHS ya tafi koyon gyaran mota a Magazine. Na kira shi ina jin nauyi. Ya ce, "Masta, turo mini lambar jikin motar, da awon ramukan, da hoton takardar da ke manne a bakin ƙofar direba." A takardar nan akwai haruffa C/TR, lambar fentin motar na biye da su. Ban taɓa sani ba. Ya yi kwana uku yana zaga rumfuna, ya samo baƙi mai lafiya, ya mayar da wancan a madadin wani ɓangare na kuɗin, ya kai wa mai fenti ya haɗa ja da lambar. Ya naɗe shi da kwali da tsohon bargo ya sa a bas. Techiman, Kintampo, Tamale, Walewale, Bolga, ina bin direban da waya kamar mai jiran amarya. Da na tambayi yaron ladansa sai ya ce in bari, in dai sa masa albarka.

Ɗaurawar ba ta kai awa ɗaya ba. Fita ya wanke gurbin tsohon, ya sa sabuwar roba a kowane rami da ɗan silikon, ya ɗaure notunan da hannu tukuna, sannan ya bi su da sifana a hankali, hagu da dama, don matsewa da ƙarfi ita ma tana fasa ƙafar. Daga nan ya kwara bokitin ruwa a kai, muka buɗe but. Ko ɗigo. Sabon fentin ya ɗan fi na jikin motar haske, don rana ta riga ta ci wancan, amma sai wanda ya tsaya ya ƙura ido zai gani.

Duka-duka, da kuskurena da kuɗin bas, kusan rabin albashin wata ya tafi. Matata ta ce in yi shiru tunda an gyara. Na yi shirun kwana biyu, ran Juma'a bayan masallaci na kira Yaya na zayyana masa komai. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai ƙanena, da ka cire shi ka toshe ramukan ai da ya wadatar. Nawa ka kashe?" Na ƙi faɗa. Ya ce to zai tambayi matata.

Ruwan farko ya sauka a makon da ya biyo baya, but ɗin a bushe. Tsohon fiffiken yana rataye a zaure, yaran gida sun mai da shi jirgin sama.