Inda Bututu Ya Ƙare: Raba Lakabi a Hanyoyin MPLS

A manyan kamfanonin sadarwa, bayanai ba sa tafiya da adireshin IP kaɗai. A tsarin MPLS, wanda hukumar IETF ta fitar da ƙa'idarsa a 2001, ana liƙa wa kowane ƙunshin bayanai lakabi mai lamba, sai na'urorin rauta su riƙa duba lambar suna miƙa shi gaba. Ƙa'idoji biyu ne suka fi raba waɗannan lakabobi. LDP tana bin gajeriyar hanyar da ƙa'idojin zaɓen hanya, OSPF ko IS-IS, suka zaɓa. Ita kuwa RSVP-TE, bututu take shimfiɗawa ta inda injiniya ya ga dama, don a kauce wa layin da ya cunkushe.

Abin lura shi ne inda bututun ya ƙare. Idan ya tashi daga rautar bakin iyaka, wadda ake kira PE, ya dire a wata PE ɗin, lakabi biyu sun wadatar: na RSVP a sama, na VPN ɗin abokin ciniki a ƙasa. Amma sau da yawa, don rage yawan bututu, kamfani kan tsayar da shi a rautar tsakiya, wato P. Da zarar an ɓare lakabin sama, rautar P sai ta yi arba da lakabin VPN, wanda PE ta can nesa ce ta bayar da shi ta hanyar wata ƙa'ida mai suna BGP. Ba ta san shi ba, don haka ko ta zubar da ƙunshin ko ta tura shi inda bai dace ba. Kamar direba ne a tasha da aka miƙa wa saƙo ba sunan gari a jiki, sai sunan mai shi.

Maganin shi ne a kunna LDP a cikin bututun. A na'urorin Cisco ana rubuta umarnin mpls ip a kan bututun, a na Juniper kuma ldp-tunneling. Da yake kan bututu da ƙarshensa ba maƙwabta ba ne, gaisuwar da LDP ke watsa wa maƙwabta ba za ta kai ba. Sai a aika ta kai tsaye zuwa adireshin waccan rautar ta ƙofar UDP 646, sannan su ƙulla zama ta TCP. Bututun RSVP-TE ɓangare ɗaya yake tafiya, saboda haka dole a saita rautar ƙarshe ta amince da wannan gaisuwa. Daga nan ƙunshin zai ɗauki lakabi uku, na LDP a tsakiya, wanda zai ƙarasa da shi har PE.

Kowane lakabi bayit 4 ne, uku sun zama 12. Wajibi ne a ƙara girman MTU, wato iyakar girman ƙunshin da layi ke iya ɗauka, a layukan tsakiya, in ba haka ba ƙananan saƙonni su wuce lafiya, manya su maƙale, abokin ciniki na ta ƙorafi alhali bututu na nuna komai kalau.