Hannun wa za ka ba idonka?

Idan yana ta rufe idon tsohonka, masu ba da shawara ba sa ƙarewa. Wani zai ce akwai mai magani da ke zuwa ranar kasuwa, yana taɓa ido da tsinke, nan take mutum ya ga haske. Kafin ka amince, ka san irin hanyar da likitan fiɗar ido na gaske yake bi kafin a bar shi ya taɓa idon mutum.

Ga misalin wani sananne, Dakta Sanduk Ruit na ƙasar Nepal. An haife shi a 1954 a wani ƙauye cikin duwatsu, inda babu mota, babu asibiti. Ƙanwarsa ta rasu da tarin fuka yana saurayi, abin da ya sa ya ƙudura zama likita. Ya yi karatun likita a birnin Lucknow na Indiya, ya yi aiki, sannan ya koma Delhi ya ƙara shekara 3 a kan ido kaɗai. Duk da haka bai ce ya gama ba. Ya tafi Ostareliya ya ƙara koyo wurin Farfesa Fred Hollows. A 1994 ya buɗe cibiyar ido ta Tilganga a Katmandu, inda ake ƙera ɗan gilashin roba da ake sa wa cikin ido, har kuɗinsa ya sauko talaka ya iya samu. Ya yi wa mutum fiye da 100,000 aiki. Ya kuma inganta hanyar cire yana ta ƙaramin yanka, ba ɗinki, wadda asibitoci da yawa na Afirka suke bi yau.

A nan yankinmu ma haka abin yake. Sai mutum ya gama karatun likita, kamar a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, sannan ya ƙara wajen shekara 4 a kan ido. Da yawa sun koya a cibiyar IOTA ta Bamako. Mai koyo yakan daɗe yana kallo, yana taimako, kafin ya riƙe wuƙa, kuma malaminsa na tsaye a kansa.

Me ya sa duk wannan? Yana ba tantani ba ce a kan ido. Ƙwayar da ke ciki ce, wadda take garau kamar ruwa, ta gurɓace. Likita yana fitar da ita gaba ɗaya, ya sa sabuwa daidai da awon idonka. Mai tsinke kuwa tura ta kawai yake yi ta faɗa cikin ido. Haske zai shigo, amma gani dishi-dishi ne. Bayan kwanaki ko watanni ido yakan kumbura, ya yi zogi, wani ma ya mutu. A lokacin mai tsinke ya riga ya bar gari, kuma sau da yawa likita ba shi da abin yi.

Ƙwararre yakan san lokacin da aiki ba zai amfana ba. Idan hawan jinin ido ya riga ya kashe jijiya, zai gaya maka gaskiya.

Ba rashin kunya ba ne ka yi tambaya. A wane asibiti yake aiki? Za a auna idon kafin aiki? Za a sa ɗan gilashin a ciki? Idan ido ya yi ja bayan mako guda, ina za ka same shi?