Fankar lagireto: gaskiya da ƙarya a zancen tasha

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafin rana a gabashin Sakkwato yakan haura digiri 40. Kuma babu direban da ke son motarsa ta tafasa a dajin da ke tsakanin Isa da Sabon Birni, ko a hanyar Shinkafi, inda tsayuwar minti goma ma abin fargaba ce saboda 'yan bindiga. Wannan tsoron ne ya sa da an sayo Golf ko Sharon 'yar Beljiyam, sai a wuce da ita wurin mai riwaya a ce, "Maigida, a haɗa mini fanka dairek." Tsoron yana kan hanya, amma yawancin bayanin da ake kafa hujja da shi ba haka yake ba.

Ana cewa fankar da ba ta tashi da an murza makulli ta mutu. Ƙarya ne. An ƙera ta ne ta jira. A Golf 3 akwai ɗan makunni ɗaure a jikin lagireto da ke jin zafin ruwa, sai ruwan ya kai wajen digiri 95 yake sakar mata wuta, in ya huce ya yanke. Haka kuma fankar da ta ci gaba da juyawa na 'yan mintuna bayan an kashe mota lafiyarta ƙalau. Wadda ta kwana tana yi har ta shanye batir ita ce mai matsala, kuma galibi rila ce ta maƙale.

Masu cewa mota a guje ba ta buƙatar fanka sun yi gaskiya, domin iskar gaba ta wadatar. Shi ya sa wannan ciwon yake ɓuya a kan kwalta, ya bayyana a shingen bincike, ko a cunkoson ranar kasuwa, ko inda ramuka suka tilasta tafiya da giya ɗaya. Allurar zafi da ke hawa in an tsaya, ta sauka in an taka, fanka take nunawa.

To, haɗin dairek fa? Zai kai ka gida in makunnin ya mutu a hanya, wannan ba musu. Mayar da shi na dindindin ne ɓarna. Gawayin da ke cikin motar fankar yana saurin cinyewa, ranar da za ta tsaya kuwa ba sallama. Mafi muni, wasu kan ja wayar daga batir ba fiyus. Akan kuma haɗa da cire tamostat, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Shi ma ba gaskiya ba ne. Aikinsa riƙe inji a zafin da ya dace, wajen digiri 90. In babu shi, da safiyar hunturu injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya yi ta shan fetur a banza, ga shi kuwa kowa ya san kuɗin lita tun da aka cire tallafi a 2023.

Fiyus da ya ƙone kuma ba a ɗaure shi da silin waya ko takardar kwalin sigari. Ya ƙone ne don wani abu ya ja wuta fiye da ƙima, wataƙila fanka ta cije da ƙura ko waya ta goge a jikin ƙarfe. In an hana shi ƙonewa, wayoyin ne za su ƙone.

Binciken ba shi da tsada in an bi shi daki-daki. A fara da fiyus, sannan rila. A zare soket ɗin fanka a duba ko ya yi kore ko ya narke, a kankare inda wayar ƙasa ta kama jikin mota. A ba fankar wuta kai tsaye daga batir: in ta juya da ƙarfi, ba ita ce mai laifi ba, a koma kan makunnin. In an taɓa sauya fankar, a sa takarda a gaban lagireto. Ya kamata ta manne. In iska ta turo ta waje, an juya wayoyin, fankar baya take yi.

Kafin duk wannan, a duba ruwa, domin makunnin da ruwa bai kai gare shi ba ba zai ji zafi ba. Amma direba, kada ka buɗe murfin lagireto sai injin ya huce sarai.