Gida a kan dala 131: cinikin da garuruwan duwatsu na Italiya ke yi da baƙi

Duk wanda ke biyan kuɗin haya a Yamai ƙarshen kowane wata, ko ya share shekaru yana tarin kuɗin fili a Maraɗi ko Damagaram, idan aka ce masa akwai inda ake sayar da gida sukutum a kan kuɗin da bai kai jikka ɗaya ba, zai ce tatsuniya ce. Amma kuwa maganar gaskiya ce. A ƙasar Italiya, garuruwa da dama da ke bisa tuddai ko gindin duwatsu sun ɗauki shekaru suna tallar tsofaffin gidajensu a kan Yuro ɗaya tak. Tun da yake Yuro ɗaya sefa 656 ne, canjin da ba ya hawa ba ya sauka, kuɗin gidan ya kama dala 131 ke nan da ɗoriya kaɗan. Labarin ya zaga duniya, mutane suka yi ta zuwa daga Amurka da Ingila da sauran ƙasashen Turai, wasu tsofaffin ma'aikata ne masu neman inda ɗan kuɗin ritayarsu zai ishe su, wasu kuma matasa ne da tsadar manyan birane ta koro.

Wanda ya fara fito da wannan dabara shi ne Vittorio Sgarbi, sa'ad da ya zama magajin garin Salemi a tsibirin Sisiliya cikin shekara ta 2008. Girgizar ƙasar da aka yi a yankin a 1968 ta bar tsohuwar unguwar garin kusan kango, shi kuwa ya ce a ba duk mai iya gyarawa. Shirin nasa bai yi nisa ba, amma wasu magadan gari suka ɗauka.

Ganji, garin da ya fara cin nasara

Garin Ganji yana cikin duwatsun Madoniye, tafiyar wajen awa biyu a mota daga birnin Palermo, a bisa tudun da tsayinsa ya kai mita 1,000. Gidajensa na dutse ne, sun hau kan juna tun daga gindin tudun har ƙololuwarsa, idan gari ya yi garau kuma ana hango dutsen Etna mai aman wuta. Mutanen garin sun taɓa ninka na yau sau biyu. Ƙaura ce ta cinye su: na farko sun tafi Amurka da Arjantina, na baya suka nufi masana'antun arewacin Italiya da Jamus, har aka wayi gari ba su wuce 6,000 da 'yan kai ba. Gidajen da suka bari irin na talakan manomi ne, jaki da awaki a ƙasa, iyali a bene, ɗakuna ƙanana, matakala mai tsini.

Magajin garin na lokacin, Giuseppe Ferrarello, ya bi masu waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya yana lallashinsu su saki. Zuwa shekara ta 2015 an ba da wajen gida 100. Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka karɓa 'yan Sisiliya ne daga Palermo masu son wurin shan iska a lokacin zafi. Sun san hanya, sun san magina, ba su bukatar tafinta.

Mai karatu zai tambaya, me ke sa mutum ya rabu da gidan kakanninsa a banza? Amsar tana ga lanho da kuma gado. A Italiya ana biyan lanho kowace shekara a kan gida na biyu, ko da ba kowa a ciki, kuma idan bango ya faɗa kan maƙwabci ko mai wucewa, mai gidan ne za a kama. Kango ya zama kaya a wuyan mai shi. Sai dai dokar gado ta ƙasar tana raba gida tsakanin magada, kuma ba a sayarwa sai kowa ya sa hannu. Wanda ya taɓa zama gaban alƙali kan rabon gonar gado ya san inda maganar ke zuwa. A garin Patirika, kudu da Roma, hukumar gari ta ƙidaya gidaje kusan 40 da aka yasar, amma har zuwa 2024 biyu kawai ta iya sayarwa, domin magadan sauran sun watsu a Amurka da Kanada da Arjantina, wasu ba a san inda suke ba, wasu kuma ba su ga maciji da juna.

Lissafin da ke bayan Yuro ɗaya

Ɗan kasuwa ba ya tsayawa ga kuɗin saye, sai ya haɗa da na dako. To ga dakon wannan haja.

Da fari akwai kuɗin takardu. Dole ciniki ya bi ta hannun noter, wato ma'aikacin shari'a mai rubuta takardar mallaka, ga kuma kuɗin rajista da na hukuma. Akasari wannan kaɗai yana cin Yuro dubu biyu zuwa huɗu, wato abin da ya kama daga sefa miliyan ɗaya da jikka 300 zuwa sama da miliyan biyu da rabi. Sa'an nan yawancin garuruwan suna neman a ajiye musu jingina ta Yuro 5,000, kimanin sefa miliyan uku da jikka 280, wadda ba za a mayar ba sai an gama gyara. Wa'adin gyaran kuwa shekara uku ne a mafi yawan wurare. Wanda ya saɓa, jinginarsa ta tafi.

Gyaran shi ne uwar tafiyar. A garin Sambuka, kudu maso yammacin Sisiliya, sharaɗin da aka gindaya a 2019 shi ne mai saye ya kashe aƙalla Yuro 15,000, kusan sefa miliyan goma. A Ololayi, wani ƙaramin gari na makiyaya da ke tsakiyar duwatsun tsibirin Sardeniya, inda aka yi shelar gidaje 200 a 2018, an ƙiyasta gyaran kowane gida tsakanin Yuro 20,000 da 30,000. Wannan ƙiyasi ne na gidan da rufinsa bai rufta ba. Wanda ya samu mai ruftaccen rufi, da ɗanshi a bango, da tsohuwar wayar kuran da sai an sake ta gaba ɗaya, lissafinsa zai ninka. Kuma ba a gyara yadda aka ga dama: tsofaffin unguwanni suna ƙarƙashin dokar kare kayan tarihi, dole a ɗauki mai zanen gini mai lasisi, a jira izinin hukuma. Lungunan ma matakala ce, babbar mota ba ta shiga, yashi da siminti sai a 'yar ƙaramar mota mai ƙafa uku ko a kafaɗa, kowane buhu da ladansa.

Sambuka ta yi wayon da sauran ba su yi ba. Garin, wanda Larabawa suka kafa a ƙarni na 9 da sunan Zabut, kuma har yau tsohuwar unguwarsu tana nan da ƙananan lungunanta, ya sa gidaje 16 a gwanjo, Yuro ɗaya kuwa shi ne farkon tayi kawai. Da masu so suka yi yawa, sai tayi ya hau, har wani gida ya kai Yuro 25,000, wato sefa miliyan 16 da jikka 400. Abin da ya fi amfanar garin ma ba gwanjon ba ne. Baƙi da yawa da suka zo ganin kangaye sun juya suka sayi gidaje masu lafiya daga hannun masu su a kan farashin kasuwa, wanda duk da haka bai kai rabin na babban birni ba. Waɗannan su ne suka fi saurin tarewa, kuma sau da yawa su ne suka kashe kuɗi kaɗan a ƙarshe. Garin ya sake gwanjo a 2021 a kan Yuro biyu, a 2024 kuma a kan Yuro uku.

Zaman tudu

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Abin da ya karya farashin waɗannan gidaje shi ne abin da ya kori masu su, kuma yana nan bai gusa ba. Aikin albashi babu, in ban da na hukumar gari da ɗan noma da kiwo. Hotunan da ake tallar garuruwan da su na bazara ne, alhali a tudun mita 1,000 dusar ƙanƙara tana sauka a lokacin ɗari, gidan dutse kuma yana riƙe sanyi, ɗumama shi da gas ko itace wani haya ne da ba a rubuta a takarda ba. Mota dole ce, domin hanyoyin miƙiƙiya ba su da yawa, motocin haya kuma ƙalilan ne.

Sai maganar likita, wadda ta fi shafar mai shekaru. A Musomeli, gari mai mutum wajen 10,000 a tsakiyar Sisiliya da ya yi suna wajen sayar da irin waɗannan gidaje, gidan likitan garin ya rasa ma'aikata har ana tsoron rufe wasu sassansa. Tsakanin 2022 da 2023 sai da aka ɗauko likitoci daga Arjantina, ƙasar da kakannin 'yan Sisiliya suka yi ta gudu zuwa cikinta saboda talauci. Ruwa ma ba tabbas: farin da aka yi a 2024 ya sa an riƙa raba ruwan famfo da kwanaki a jihohin tsakiyar tsibirin, tafkin Pargusa kuma ya kusa ƙafewa ƙaf.

Hukumomin sun san da haka, shi ya sa wasu suka wuce ba da gida suka koma ba da kuɗi. Jihar Molize ta yi shela a 2019 cewa za ta ba da Yuro 700 kowane wata, wajen sefa jikka 459, har shekara uku, ga wanda ya tare a ƙauyen da bai kai mutum 2,000 ba kuma ya buɗe wata sana'a a can. Dalilin a fili yake. A 2022 haihuwa a duk faɗin Italiya ta faɗi ƙasa da jarirai 400,000, abin da ba a taɓa gani ba tun haɗewar ƙasar a 1861, kuma ta ci gaba da raguwa bayan nan. Garin da lakwal ɗinsa ta rasa yara, za a rufe ta, daga nan gidan waya da kantin magani su bi baya. Mazauni suke saye da waɗannan gidaje, musamman mai ƙuruciya da iyali.

Akwai kuma abin da ya kamata mai fasfo na Nijar ya riƙe da kyau, kada wani dillali ya ruɗe shi. Sayen gida a Italiya ba ya ba mutum izinin zama a ƙasar. Bizar ziyara kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ko mutum na da gida ko ba shi da shi. Bizar da ake ba mai son zama ba tare da aiki ba tana bukatar ya nuna kuɗin shiga tabbatacce na wajen Yuro 31,000 a shekara, sama da sefa miliyan 20, kuma ba daga albashin aiki ba. Ban da haka, baƙon da ba shi da takardar zama ba ya sayen gida sai idan ƙasarsa ita ma tana barin ɗan Italiya ya saya a cikinta, kuma noter yana bincika wannan kafin ya sa hannu.

A Ololayi, wadda mutanenta suka ragu daga 2,250 zuwa wajen 1,300 cikin rabin ƙarni, gidaje kimanin goma ne aka saya a kan Yuro ɗaya aka kuma gyara cikin shekaru shida na farkon shirin. A 2023 hukumar garin ta sake salo, ta fara ba masu aiki ta intanet hayar gyararrun gidaje a kan Yuro ɗaya na ɗan lokaci, domin su ɗanɗani zaman kafin su sa kuɗinsu. A watan Nuwamba na 2024, bayan zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, ta buɗe sabuwar talla ga Amurkawan da ke son barin ƙasarsu, kuma cikin kwanaki kaɗan dubban tambayoyi suka shigo ofishin magajin gari.